Tukunyar da Ɗantsoho Ya Manta

"Lafiya lau, amarya. Ya hanya? Kin rame, ko kewata ce?"

"Kewar wa? Tsoho, bar zancen nan, ina shukokina?"

Ɗantsoho ya hau kame-kame. Wata biyu ke nan da jikarsa Hidaya ta kawo masa ajiyar tukwanen shuka biyar garinsu Ɗanzomo, uku na shukar ƙariya mai ƙaton gindi, biyu na karan masallaci, ta koma kwaleji a Gumel. Jibi za ta kai wa malaminsu wadda ta yi fure, in babu kuwa sai ta maimaita darasin baɗi. Shi ko mutum ne da ya tsufa a kiwo, a wajensa duk mai rai safe da yamma yake shan ruwa.

Ya ja ta gindin darbejiya yana tarin ƙarya. Shukokin sun ruɓe, sun yi laushi kamar dafaffiyar kabewa.

"Innalillahi! Me ka yi musu?"

"Gata na yi musu. Sai sun sha tumakina suke sha."

"Ban ce maka sau ɗaya a mako biyu ba?"

"Na ɗauka rowarki ce ta motsa. Ke da in kin dafa min shayi sai na haska tocila nake ganin madarar."

"Abin da ke rayuwa a kan jigawa ka mayar shinkafar fadama! Na fasa auren, ba ni takardata."

"Wa zai kwashe ki? Ni ma taimako na yi."

Dariya yake, amma da ya ga idonta ya ciko sai hankalinsa ya tashi ƙwarai.

"Huɗu nake gani," in ji ta. "Ina ta biyar?"

Sai a lokacin ya tuna. Tun ranar farko akuya ta ture ɗaya, ya ɗauke ta ya kai bayan rumbu, bai sake bi ta kanta ba. Suka zagaya da sauri. Ga ƙariya nan ƙasarta ta bushe ƙayau, ba ganye ko ɗaya, kanta cike da jajayen furanni.

Ɗantsoho ya gyara hula. "Kin gani? Wannan ita na ware na yi wa kiwo na musamman."

"Mantawa ka yi dai!"

"Mantuwar ma ai sai gwani."

Hidaya ta rungume tukunyar tana dariya har da hawaye, sannan ta zaro ƙunshin goron tsarabarsa da ta so hana shi.

"Karɓi, angona, na dawo ɗakina. Amma daga yau in kana sona, ni ma ka riƙa mantawa da ni."

"Wannan kam," in ji shi yana ɓare goron, "sai dai ki ruɓe."