Rasuwar Katantanwa, Jar Motar Alhaji Maiwada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake mai zuciyar ya ce yau kwana tara yana lalube bai gano inda take masa ciwo ba, Alhaji Maiwada Mai Rake na Makarfi yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Ikara, da Gubuci, da Gazara, da Hunkuyi, da duk direbobin da ke lodi a Tashar Yari, cewa motarsa Katantanwa ta yi tsayuwar da babu tashi. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a hanyar Gubuci, gindin wata ɗorawa, da rabin tankin fetur a cikinta, wanda a wannan zamani na soja ba ƙaramar dukiya ba ce da za a mutu a bari. Alhaji ya so a buɗe takardar nan da abin da ake buɗe ta mutane, liman ya ce ƙarfe ba shi da rai, kada a yi wasa da sunan Allah. Alhaji ya bi maganar malam. Ya kuma ce a sanar tun daga nan cewa akwai zancen da ke yawo a gari a kan Ilisha bakanike, wai shi ya kashe ta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar zancen nan a bakinsa, kada ya tashi sai an karanta masa takardar har ƙarshe.

Ga wanda bai san marigayiya ba, in har akwai shi a ƙasar nan: ja ce, 'yar Japan, kujera biyu tak, rufinta bai kai ƙirjin mutum ba. Fitilunta a rufe suke kamar na mai gyangyaɗi, sai an taɓa wani maɓalli sannan ta ɗaga ido ta dubi hanya.

Mai ita kuwa ba yaro ba ne a harkar ƙarfe. Bai taɓa zama a aji ba, bai kuma ga abin da ya rasa ba. Shekara ashirin da shida yana jan babbar mota. Lokacin yaƙi ya kai hatsi har ƙetaren Binuwai ya dawo ko ƙwarzane babu. Mota ta taɓa wuntsilawa da shi sau uku a bakin gada, ya fito da hularsa a kansa. Kwalara ta shiga unguwarsu ta tsallake shi, fari ya zo ya wuce, canjin kuɗi ya kayar da manya ya bar shi a tsaye. Abin da ya fi yawan faɗa a majalisa shi ne, babu abin da ya taɓa shiga hannunsa ya mutu a hannunsa. A riƙe wannan maganar, za a dawo kanta.

Shekara huɗu ke nan da haɗuwarsu. Ya kai mazarƙwaila Zariya, lokacin da baƙin malaman Samaru suka fara ɗaure kaya don naira ta fara ramewa. Wani Bature daga cikinsu da ya sa motarsa a kasuwa ya buɗe masa bonet, Alhaji ya leƙa ya fashe da dariya, don injin bai fi tukunyar miyar gidan suna ba. Baturen ya shiga ya sa makulli. Ya tayar da ita, ya ɗora kofin shayinsa a kan injin, shayin ko motsi bai yi ba.

Nan dariyar ta tsaya. Duk injin da Alhaji ya sani a duniya daka yake yi, taɓarya sama, taɓarya ƙasa, har haƙoran direba su riƙa karo. Wannan ba ta da fistin ko ɗaya. Ƙarfe biyu ne a cikinta masu kusurwa uku-uku, suna zagaye, suna zagaye, kamar dokin da ke juya injin matse rake, sai dai wannan dokin ba ya neman hutu. Mutumin da aka haifa a gefen injin mazarƙwaila bai buƙaci a yi masa bayani sau biyu ba. Nan take ya biya kuɗinta, kafin ya iso Makarfi ya raɗa mata suna Katantanwa.

Kukun Baturen ne ya yi tafinta a wajen wasiyya, kuma guda biyu ce. Ta farko: tana shan baƙin mai da gangan, haka aka ƙera ta, akwai wasu 'yan siraran tiyo biyu da ke ɗiga mata shi a ciki, kada a hana ta. Ta biyu: kada a lallaɓa ta, a bar ta ta yi kuka. Aka haɗa masa da littafi na Turanci, ya naɗe shi a ƙyalle ya ajiye.

Marigayiya ta kasance mai murya. Da safe takan fara da "burum, burum-burum, burum," kamar tsoho yana gyaran murya kafin ya yi magana. Amma a hau da ita kwalta daga Tashar Yari a taka totur. Kowace mota in an matsa mata sai ta fara ƙorafi, jikinta ya ɗauki rawa. Ita kuwa ƙara laushi take yi. Muryar ta tashi daga "wuuuu" ta sirance ta koma "wiiiii" kamar rina, tana hawa tana hawa, mutum yana jiran inda za ta tsaya ba ta tsaya ba, har sai wata 'yar ƙararrawa ta ce "fiiit" don a tuna a sake giya. In an ɗaga ƙafa kuma ta ce "fau! fau!" da harshen wuta a bakin salansa, zabin Gazara su watse. Masu tambaya sun sha tambaya, ina amfanin motar da ba ta ɗaukar ko dami ɗaya na rake? Alhaji bai taɓa ba su amsa da baki ba, ƙofa yake buɗe musu. Maiɗakinsa Hajiya Uwaliya ta shiga sau ɗaya, ta sauka a Hunkuyi ta dawo gida a akori-kura, ta ce ita da sauran kwananta.

Ba za a ɓoye halinta ba don ta mutu. Fetur take sha kamar babbar mota. In aka tayar da ita aka kashe kafin jikinta ya yi ɗumi, sai ta yi fushi, sai an kwance fulogi an shanya a rana kafin ta sake kula kowa. Mutum ɗaya ne ya iya da ita a duk ƙasar nan, shi ne Ilisha, mutumin Zonkwa, wanda ya shekara goma sha tara da garejinsa a bayan kasuwar rake. Shi ya kwance ƙyallen ya karanta littafin nan tun daga farko har ƙarshe. Yana ce wa Alhaji Baba, Alhaji yana ce masa Likita.

Ciwon ajali ya fara ne da tsuke bakin aljihu. Baƙin mai ya ɓace daga kanti, fetur sai an yini a layi, soja na kai da kawowa da bulala. A majalisa kuma aka sa Alhaji a gaba. Sada, tsohon abokin hamayyarsa tun zamanin babbar mota, ya ce a gaban kowa: "Alhaji, motar da ke shan baƙin mai tana hayaƙi ai ringi ne ya mutu, ko karen mota ya san wannan. Bature ya sayar maka da gawa, kai kana ta shafa mata hoda." Aka yi dariya. Alhaji ma ya yi, amma maganar ta zauna masa a rai.

Bayan wannan sai aka ga baƙin man Katantanwa ya daina raguwa. Wata biyar Alhaji yana zaro sandar awo yana zagayawa da ita majalisa, kowa ya gani, yana cewa mota ta san hannun mai ita. Ya kuma fara lallaɓa ta don fetur. Daga gida zuwa kasuwa, daga gida zuwa masallacin Juma'a, a hankali kamar mai rakiyar amarya. Ƙararrawar nan ba ta sake cewa "fiiit" ba.

Sai ta fara nauyin tashi. Da safe ta tashi, in ta yi zafi aka kashe ta sai an jira ta huce. Daga baya sai an tura. Ranar Larabar nan, a hanyar Gubuci, muryarta ta ragu rabi, ta yi ɗingishi har gindin ɗorawa ta tsaya. Alhaji ya murɗa makulli. Babu "burum". Abin da ta ce kawai shi ne "sharrrr," sumul, ba tudu ba gangare, kamar dutsen niƙa da babu hatsi a kai. Ya murɗa har batir ya ƙare. Ya zauna a ciki har inuwa ta bar motar, bai tuna da abin da ya yi tunani ba.

Motar Sada ce ta jawo ta, kuma ranar kasuwa ce, gari cike. Sada ya buɗe bonet a gaban jama'a, ya hango siraran tiyon nan biyu a matse, an lanƙwasa bakinsu, a bushe ƙamas. Ya ɗaga murya ya ce wannan aikin bakanike ne, kuma kowa ya san bakanike ɗaya ne ke taɓa ta. Ilisha yana tsaye a wurin da tsumma a hannu. Ya dubi tiyon, ya dubi Alhaji, ya sunkuyar da kai. Alhaji bai ce uffan ba.

Yau kwana tara. Masu akori-kura sun janye motocinsu daga garejin Ilisha ɗaya bayan ɗaya, har da wadda aka ja da igiya injinta a kwance. Wasu sun fara haɗa zancen da garin da ya fito da inda yake zuwa ran Lahadi. An ce matarsa Cecilia ta fara jera kwanoni a buhu. A kwana taran nan Alhaji yana zaune a zaure. Ana kawo tuwo yana ci. An fere masa rake daga fadamarsa ya sha, ya ce a duba ko an canja iri, don bai ji zaƙi ba. Ya jira hawaye ba su zo ba, ya jira fushi shi ma bai zo ba.

To, ga abin da ya ce a rubuta, kada mai tafireta ya gyara masa ko kalma ɗaya. Washegarin dariyar Sada, Alhaji ya je wurin Ilisha ya ce a toshe tiyon nan. Ilisha ya ajiye sifana ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, ta nan take shan nono. In ka toshe, cikinta zai riƙa cin kansa, ba za ka ji ba sai ta gama." Alhaji ya ce masa tun ba a yaye Ilisha ba shi yake jan mota, ba littafin Bature ne zai koya masa ciwon inji ba. Ya koma gida, ya yi azahar, ya ɗauko filaya daga akwatinsa na zamanin babbar mota, ya matse tiyon biyu da hannunsa. Ya daina kai ta gareji don kada Likita ya gani. Wasiyya biyu aka ba shi, ya karya duka biyun. Mutumin da yaƙi da gada da kwalara suka bari a tsaye, dariyar majalisa ce ta kayar da shi. Maganar nan da aka ce a riƙe, ta cewa babu abin da ya taɓa mutuwa a hannunsa, Alhaji ya ce a sake ta, ya janye.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita. Ta bar Hajiya Uwaliya, wadda ta ce ba ta da ta cewa, amma ita ce ta fito da tsohon zaninta ta rufe ta don kada kaji su hau. Ta bar taya huɗu masu sauran rai da safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da littafi ɗaya da mai shi bai iya karantawa ba kuma bai saurari wanda ya iya ba. Ta bar zabin Gazara, waɗanda za su yi kiwo cikin kwanciyar hankali. Ta bar Ilisha, wanda ya san gaskiya tun a kasuwa ya rufa wa tsoho asiri.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ba za a ja ta da igiya ba, da hannu za a tura ta daga ƙofar gidan Alhaji, a bi ta tsakiyar kasuwar rake, a sauke ta a garejin Ilisha. Ilisha ne zai riƙe sitiyari, in ya yarda. Alhaji zai kasance a baya cikin masu turi, filayar kuma za a ɗora ta a kan bonet inda kowa zai gani. Ilisha ne zai buɗe injin ya wanke shi. Abin da ke da sauran amfani nasa ne, har da rabin tankin. Alhaji ƙarfe ɗaya yake so daga cikin masu kusurwa ukun nan, zai rataye shi a zaure.

Babu zaman makoki, babu sadakar uku ko ta bakwai, liman ya riga ya yi magana. Kada kowa ya kawo goro. Mai son yi wa Alhaji ta'aziyya, in ya janye motarsa daga garejin Ilisha, ya maido ta ranar, ya ajiye ta inda ya ɗauke ta. Motar Sada ake so a gaban layi.

Mai sanarwa bai iya sa hannu ba. Babban yatsan da aka dangwala a ƙasan takardar nan na dama ne, shi ne wanda ya matse filayar.