Wayar da Na Zaɓa wa Inna Rakiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tara mu a wani zauren taro a Bodinga ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin wani ƙauye kusa da Lambara, kuma a wancan lokacin ni ce gwanar waya ta asibitin. Sarautar ta samo asali ne daga ranar da na taya shugabanmu gano inda hotunan jikarsa suka ɓuya a wayarsa. Tun daga nan duk wanda wayarsa ta yi tari, wurina yake kawo ta. Ban taɓa cewa ban iya ba (a wurin aikin da ake shekara ba a ce maka sannu ba, wa zai mayar da yabo?).

Inna Rakiya ita ce babbarmu a shekaru. Tun ina firamare take shiga gida-gida a ƙauyukan nan, kuma duk damina ita ke kan gaba wajen rabon maganin da ke kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. A ƙarshen shekarar za ta yi ritaya, don haka daminar ita ce ta ƙarshe a wurinta. Sai ga takarda daga sama: bana babu rubutu a littafi, kowa da wayarsa zai riƙa shigar da sunayen yara, kuma wanda ba shi da wayar da za ta ɗauki aikin ba za a sa shi cikin masu fita ba. Wayar Inna kuwa 'yar ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure murfinta da kyauro.

Ta same ni a ɗakin magani, ta rufe ƙofa kamar za ta faɗi wani sirri.

"Ɗiyata, ke ka gane kan abubuwan ga," in ji ta. "Na sai da akuyata. Ki zaɓa min wadda za ta yi aikin. Ba ni son a aje ni gida a daminata ta ƙarshe."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ta kawo kuka inda ya dace.

Kuɗin akuya ba ya sayen babbar waya sabuwa fil. Abin da zai iya saye shi ne matsakaiciyar waya cikin waɗanda suka yi tashe shekarun baya, farashinsu ya sauko. Nan na tsunduma bincike, mako uku cur. Na kalli bidiyon Turawa suna kankare gilashin waya da wuƙa, na karanta musun mutanen da ban sani ba a kan batir, na koyi kalmomin da har yau ban san yadda ake furta su ba. Sau biyu shinkafata ta kama a tukunya. Maigidana ya leƙo wata rana ya gan ni da biro da takarda ina jan layi, ya ce, "Wai waya za a saya ko hili?" Ban kula shi ba, domin a ganina shi ne mutum na ƙarshe da zai yi maganar waya.

Dalili kuwa shi ne, wayar da ke hannuna shi ya saya min ba tare da shawarata ba. Baƙa ce, mai kauri, mai nauyi, hotonta kuma idan ka ɗauki mutum da yamma sai ka rantse a cikin hayaƙi yake. Shekara biyu ina yi masa mita a kanta. Da bincikena ya tace ya rage saura waya biyu, sai ga irin tawa baƙar a ciki, tare da wata shuɗiya siririya mai idon kyamara huɗu wadda ta girme ta da shekara biyu. Shuɗiyar ta fi kyan hoto, ta fi faɗin ma'ajiya, ta fi sauƙin kuɗi. A takardata ta cinye baƙar a kowane layi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan saboda maigidana.

Ni da Inna muka shiga mota zuwa Bodinga, shagon wani Malam Sani mai sayar da waya. Ya fito da duka biyun ya ajiye a kan gilashi. Da ya ji abin da za a yi da wayar, sai ya tura baƙar gaba.

"Malama, shuɗiyar ga tana da kyau, ba ni musu. Amma masu ƙera ta sun daina aiko mata sabuntawa. In aikin ofis na, ku ɗauki wagga."

Na yi murmushin wadda ta san dabarar 'yan kasuwa. Baƙar ta ɗan fi tsada, to me ake so ya ce? Na karanta masa darasi a kan kyamara da ma'ajiya a gaban abokan cinikinsa, har ya ɗaga hannu ya ce shi dai ya faɗi nasa. Inna ta taɓa ni a gwiwar hannu, ta yi ƙasa da murya.

"Ko mu tambayi ofis tukuna wace iri sunka ce?"

"Inna," na ce, "in munka tambaye su, su ma ni za su tambaya."

(Na sha kwanciya in tuna wannan jimlar. Ba ta taɓa yin daɗi ba.)

Kwana goma na yi ina koya mata. Yatsunta sun bushe da sabulu da aikin shekaru, gilashin ba ya jin su sai ta danna da ƙarfi, in ta danna da ƙarfi kuma abu uku ya buɗe lokaci guda. Amma ba ta gaji ba. Da an sami sararin marasa lafiya sai ta zauna a benci, ta sa tabarau, tana rubuta sunayen yaran ƙauyen Mandera da ka, gida bayan gida, don hannunta ya saba. Ta ɗinka wa wayar 'yar jaka da ragowar atamfa. Ranar da ta rubuta suna goma ba kuskure, ta zo ta nuna min tana dariya, ni kuma na yaba mata irin yabon malamar aji ɗaya.

Ranar horo aka haɗa ma'aikatan Shagari da na Bodinga wuri ɗaya. Zauren ya cika, fankoki ba sa juyawa, kujerun roba suna manne wa mutum a baya. Mai horarwar wani matashi ne daga Sakkwato, Malam Nasiru, mai haƙuri da sanyin murya. Ya ce kowa ya sauke manhajar aikin a wayarsa. Baƙar wayata ta sauke ta nan take, abin da ya ɗan ba ni haushi. Na miƙe ba wanda ya sa ni, na shiga bin layi ina taya mutane, ina cewa danna nan, koma baya, a'a ba nan ba. Sai da na zagaya rabin zauren na dawo na tarar da Inna riƙe da shuɗiyar da hannu biyu, tana kallon wani gajeren rubutu da ya fito.

Na ce matsalar sabis ce. Na fita da wayar ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, na ɗaga ta sama, na kashe na kunna, na dawo ina gumi. Rubutun nan dai shi ne. Mai hankali a nan zai zauna ya yi shiru. Ni kuwa na ɗaga hannu, na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Malam, manhajarku tana da matsala. Ga waya mai kyau ta ƙi ɗauka."

Ya ce mu kawo ta gaba, ni da mai wayar. Muka fita, Inna tana bayana tana gyara hijabi. Ya karɓa, ya danna sau uku, ya juyo da gilashin wajena ya nuna min wata lamba. Ya ce tsarin da ke cikin wayar ya tsufa, manhajar ba ta hawa kansa, kuma babu yadda za a ɗaga shi. Sannan ya ɗauki takardar da aka aiko mana tun farko, ya juya bayanta. Ashe akwai rubutu a baya. Layi biyu ne kacal, sun faɗi lambar da waya za ta kai kafin a saye ta. Mako uku ina karatun Turawa, ban juya takardar da ke manne a allon asibitinmu ba.

Malam Nasiru ya dubi Inna da tausayi. "Inna, wa ya zaɓa miki wagga waya?"

Kowa ya juyo yana kallonmu. Na buɗe baki, amma ta riga ni.

"Ni na zaɓa da kaina, ɗana. Launinta na gani ya yi min kyau."

Aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa tsohuwa ce idan ta yi abin tsofaffi, amma zaure guda ne yake yin ta. Wata daga baya ta ce ai shuɗi ya dace da hijabinta, aka ƙara wata. Inna ta tsaya tana murmushi, hannunta a kan 'yar jakar atamfa. Malam Nasiru ya ɗaga hannu aka yi shiru, sannan ya nuna ni.

"Kun gani ko? Shi ya sa muka cewa kahin ku sayi waya ku tambayi irin su Malama da sunka san kanta. Dubi tata, nan take ta ɗauka."

Ni kuma, jama'a, na gyaɗa kai. Ban san lokacin da wuyana ya yi hakan ba, amma ya yi, har sau biyu, a gaban kowa.

Kafin azahar an cire sunanta an sa na wata daga cikin masu jira. Da aka tashi cin abinci na lallaɓa na sami Malam Nasiru, na raɗa masa cewa laifina ne, a ba ta wayata a cire ni. Ya dube ni na ɗan lokaci, kallon da na gwammace mari a kansa, ya ce an riga an tura sunaye, an kuma ɗaure kowane suna da wayarsa. Malam Sani mai shago shi ma bai yi min gori ba. Da muka mayar masa da shuɗiyar, ya ce zai karɓa ya sayar mata a hankali, amma ba yau ba, ba gobe ba.

A motar komawa mu huɗu ne a baya, ga buhun albasa a but yana turo ƙamshinsa. Da muka wuce rabin hanya na juya wajen Inna. Na ce, "Inna, don mi kinka ce ke kinka zaɓa?"

Ta ci gaba da kallon gonaki ta taga. "Ke kina da sauran shekaru cikin mutanen ga. Ni wata biyar ya rage min. In sun yi dariya, gida za ni."

Na so ta zage ni. Da ta yi, da na sami abin riƙewa. Maimakon haka ta ɓare gyaɗa ta zuba min a hannu, na kuma ci, don ban san me zan yi da ita ba.

Da aka fara rabon magani, aka haɗa ni da wadda ta maye gurbinta, mace mai ƙoƙari amma baƙuwa a yankin, aka ba mu Mandera. Gidan farko aka ce, "Ina Rakiya?" Gida na biyu ma haka. A na uku maigidan ya ce yaran sun tafi gona, alhali ina jin su suna kokawa a bayan zana. Kwana biyu muna jan ƙafa cikin taɓo, waya tana aiki lafiya lau, yaran da za a shigar cikinta ne babu. Na koma gida da ciwon baya da kunyar da ta ƙi sauka.

A rana ta uku da safe na tarar da Inna a ƙofar asibiti, da takalmin roba da lema. Babu sunanta a takarda, babu rigar aiki, babu abin da za a ba ta. Ta ce, "Mu tahi, rana na yi." Ita ke gaba tana sallama, tana kiran matan gida da sunayen 'ya'yansu na fari, ana turo yara har da na maƙwabta. Ni ina baya ina danne-danne. Kuma a kowane gida sai an tambaye ta ina rigarta, ita kuma sai ta ce, "Na tsuhwa, waya ta hi ƙarhina." Haka na riƙa jin wannan ƙaryar daga safe har la'asar, gida bayan gida, kowace kuma domina aka yi ta.

A wani gida can ƙarshen gari na kasa jurewa. Mata biyar ne a tsakar gida suna gyaran albasa. Na tsaya na ce ba haka ba ne, Inna ta iya waya sarai, ni ce na zaɓa mata wadda ba ta aiki, na kuma bari aka yi mata dariya a Bodinga. Matan suka dube ni, suka dubi juna. Babbarsu ta ce, "To, Allah shi kyauta," ta juya ta tambayi Inna ko maganin ana sha kafin abinci ne ko bayansa. Inna ta amsa mata, sannan ta ce da ni in rubuta sunan yaron kada in manta.

Ta yi ritaya a ƙarshen shekarar ba tare da sunanta ya fito a aikin daminarta ta ƙarshe ba. Wannan ba ya gyaruwa, na kuma daina neman yadda zan gyara shi a raina.

Abin da na koya, a makare kamar yadda na saba, shi ne cewa amsa laifi yana da ɗan lokacinsa, kuma nawa bai fi daƙiƙa biyar ba, tsakanin tambayar Malam Nasiru da dariyar zauren. Bayan nan na yi ta yawo da gaskiyata ina neman mai karɓa, kowa yana da aikin gabansa. Har yanzu ana kawo min waya in duba, don sarautar ba ta faɗi ba, tunda waɗanda suka san abin da ya faru ba masu surutu ba ne. Ina dubawa. Amma idan aka yabe ni yanzu, nakan riƙe wuyana da kyau.