Hannun Yamai a Kan Hanyar Argungu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tuƙa motar Alhaji ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, Bello da Garba ba za su bar ni ba. Tsofaffi ne yanzu, da jikoki, amma har yau ba su da hirar da ta wuce wannan.

Abin ya faru ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mu uku muka tashi daga ƙasar Kabi muka shiga jami'a can Kudu: ni da Bello daga Birnin Kebbi, Garba daga Argungu. Ni Faransanci nake karantawa, saboda haka aka tura ni Yamai in yi shekara guda ina koyar da Turanci, ina kuma gyara harshena. Yamai fa, inda fataken garinmu ke zuwa su dawo ba wanda ya kula sun yi tafiya. Amma ni a raina na je ƙasar waje, kuma dole kowa ya sani.

Da aka yi hutu suka dawo gida, sai Bello ya aiko mini in tsallako mu yi ƙarshen mako tare. Za mu kwana gidansu a unguwar Nasarawa, Asabar mu wuce Argungu mu ci kifi gidan su Garba. Wannan shi ne dalili na fili. Na ɓoye kuwa shi ne ƙanwar Bello, Kulu, wadda na daɗe ina so, ita ma ba ta ƙi ba. Alhaji, mahaifinsu, ya ce shi ba ya ba da ɗiya, wansa Bappa Umaru da ke Argungu shi ne waliyyi, abin da ya yanke shi ke nan. Bappa bai taɓa ganina ba. Bello ya shirya in je in gaishe shi, ya ga natsuwata, kafin manyana su je tambaya. Natsuwa kawai aka ce in nuna, jama'a. Ba a ce in yi komai ba.

Na biyo motar kasuwa ta Gaya da Kamba, na sauka da wata hular Faransawa mai kama da faifai, da burodinsu dogon nan a hammata (ya kwana a hanya, ya bushe ƙamas). Na zaci za su yi tsalle su rungume ni, su zauna su sha labari. Ina! Garba ya karɓi burodin, ya ƙwanƙwasa shi a bango, ya ce, "Wanga na kashin maciji ne?" Bello ya ce, "Sannu da zuwa, Bafaranshe." Shi ke nan suna ya bi ni. Duk labarin da na ɗauko sai su katse ni da zancen wani malaminmu ko wata rigimar ɗakin kwana da aka yi ba na nan. Suna ta ƙyaƙyata dariya, ni ina zaune kamar baƙo. Haushi ya cika ni, wallahi. Na sha wuyar hanya don in zo a yi mini ba'a?

Da safe sai ga dama ta samu. Direban Alhaji ya kwana da zazzaɓi, Bello da Garba kuwa ko keke da ƙyar. Na gyara murya na ce ai ni na koyi mota a Yamai, har da lasin. Alhaji ya dube ni, ya dubi hular, ya ce, "Ka tabbata, yaro?" Na hango labulen zaure yana motsi, na san Kulu ce a bayansa. Sai na ce, "Alhaji, a hannun Bature na koya." Ya miƙo makulli.

Da na shiga na tarar sitiyari yana dama, alhali na motar da na koya da ita yana hagu. Mai hankali da nan zai tsaya ya tambayi kansa dalili. Ni kuwa cewa na yi motocin Ingila ba su da tsari. (Kada ku ce ban san Najeriya hannun hagu take bi a lokacin ba. Na sani sarai, a nan aka haife ni. Kaina ya sani, hannuwana ne ba su taɓa tuƙi a nan ba.)

Hanyar Argungu a lokacin jar ƙasa ce, 'yar siririya, fadama hagu da dama. Kowa tsakiya yake bi, sai an haɗu da wani kowa ya raɓe gefensa. Don haka na yi ta tafiya lafiya lau, gwiwar hannu a taga, ina ba su labarin yadda ake tuƙi a ƙasashen da suka ci gaba. Mun haɗu da wani mai keke, na karkata dama, shi ma ya nufo nan, ya faɗa cikin ciyawa. Na ce, "Kun gani ko? Mutanenmu ba su san doka ba." Garba yana baya yana gyangyaɗi, Bello kuma ya zaci rami na kauce wa. 

Mun kusa gari sai ga wata akori-kura ta taso, an labta mata buhunan albasa har sama. Na karkata dama. Ita ma ta karkato nan. Na danna ham, na ƙara matsawa dama. Ita ma ta ƙara. Bello ya ƙwala ihu, "Hagu! Hagu!" Na ce, "Shi za ka gaya wa!" Direban ya ga ba sarki sai Allah, ya sake hanya gaba ɗaya ya gangara cikin fadama. Motar ta kwanta a gefe a hankali, buhuna suka fashe, albasa ta bazu cikin laka. Tamu kuma ta tsaya da ƙafafun gaba a kwalbati.

Da a nan na yi shiru, da an ce tsautsayi ne. Ba wanda ya ji ciwo. Amma sai na fito a fusace, na gyara hula, na tsaya bakin hanya na buɗe yatsuna biyar na watsa musu daƙuwa. Da hannu biyu ma, don kada a ce na yi rowa. Na ce da direban makaho, na ce baƙauye, na ƙara da wasu kalmomin Faransanci da ba a koyarwa a aji. Wani dattijo ya fito ta ɗaya ƙofar, rawaninsa ya warware, laka har gwiwa. Na ce, "Kai ma Baba, da girmanka, kana zaune yaro yana wasa da ran mutane? Dama ake bi! Dama!"

Dattijon ba ni yake kallo ba. Bayana yake kallo. Na waiwaya, sai na ga Bello ya tuɓe takalma ya durƙusa cikin jar ƙasa, kansa a sunkuye.

"Bappa, ina kwana. Bappa, sannu. Ba ka ji ciwo ba?"

Garba ya matso kusa da kunnena, ya ce a hankali, "Bafaranshe, nan Najeriya ce."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hannuwana suna sama har yanzu, yatsu a buɗe, na rasa inda zan kai su.  Na cire hular, na mayar, na sake cirewa. Bappa ya naɗe rawaninsa a natse, ya nuna ni da haɓa, ya tambayi Bello, "Wanga shi ne?"

"Shi ne, Bappa."

"To, madalla. Ya rage muna wahala, mun gaisa."

Ashe ya fito kai albasa Birnin Kebbi ne da sassafe, don ya dawo da wuri ya tarbe ni. Har rago ya sa aka yanka.

Sauran yinin a fadama muka yi shi. Mutanen ƙauye suka zo aka tayar da motocin, ni kuma ina tsintar albasa cikin laka da wandon kwat, su Bello suna juya baya kafaɗunsu na rawa. Kifin Garba ban san ɗanɗanonsa ba. Da yamma na je na durƙusa gaban Bappa na ba da haƙuri. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɓatan hannu ba komi ba ne, kowa na yi. Abin da ni gani shi ne, in ka yi kuskure kai ka fara zagi. Ita ko Kulu gida guda za ku zauna."

Manyana ba su je tambaya ba, don an aiko musu kada su wahalar da kansu. Na koma Yamai na ƙarasa shekarata, kafin in dawo an ɗaura wa Kulu aure da wani malamin gona. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na daɗe ban bi ta Nasarawa ba, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Bayan shekaru, gwamnati ta mai da ƙasar nan hannun dama. Ranar na yi ta bugun ƙirji, na ce da Bello ai ga shi gaskiyata ta fito, riga kowa na yi. Ya je Argungu ya kai labari, don shi ba ya iya riƙe magana. Ya dawo mini da saƙon Bappa, wanda a lokacin ya tsufa tukuf: "Ka ce mishi na ji gwamnati ta ba shi gaskiya wajen hannu. Daƙuwar ce ban ji an halatta ba tukuna."

Tun daga nan, duk sa'ad da na tabbata ni ne mai gaskiya ɗari bisa ɗari, sai in zura hannuwana cikin aljihu, in fara tambayar wace ƙasa nake tsaye.