Yadda Za Ki Gyara Ƙafar Jirginki Ba Tare da Kin Toya Kek Ba

Idan kin haɗa jirgin sama da hannunki, kika danna maɓalli ƙafafunsa suka ƙi naɗewa, kwantar da hankalinki. Matakan nan tabbatattu ne. Solvej Dalgaard ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙungiyarmu ta matuƙa a yammacin Jutland, kuma har yau tana nan da ranta.

Kin dai san dokar rumfar jirage: duk wanda ya tafka wauta, ranar Asabar zai kawo kek, a ci ana yi masa dariya. Shekara huɗu Solvej ta yi tana haɗa jirginta mai kujera biyu a tsakiyar tsofaffi goma sha ɗaya, ba ta taɓa kunna tanda saboda su ba. Ana saura mako uku mai duba jirage ta zo sa hannu, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba.

1. Ɗaga shi sama da jak, ki haɗe rai

Tayoyi na reto, ki danna maɓalli. Famfon man da ke naɗe ƙafafu zai yi ta kuka, ƙafafu ko gezau. Gyaɗa kai kamar dama haka kika tsara. Masana sun tabbatar rabin gyara gyaɗa kai ne.

2. Toshe bakin tsofaffi

Kukan famfo ya fi ƙamshin kofi saurin tara su. Thorkild ne zai fara isowa, wanda ya bar kiwon shanu ya kama ba da shawara.

"Injiniya, ko dai jirgin naki tsoron sama yake ji?"

Solvej ta sanar da shi cewa a kan injinan da mai ke turawa ta yi digirinta, ba a kan tatsar nono ba. Sannan ta rubuta a kwali ta rataya a fiffike: BA A BUƘATAR SHAWARA. Thorkild ya karanta, ya leƙa cikin jirgin, ya kurɓi kofinsa, ya ce to madalla.

3. Fara da abin da ya fi wuya

Marasa ilimi ne ke fara duba abu mai sauƙi. Ke kin yi karatu. Kwance famfon gaba ɗaya, ki jera kayan cikinsa a kan farin tawul, ki auna kowanne sau biyu. Idan kin ga komai lafiya, alama ce matsalar tana da zurfi, daidai da iliminki.

4. Zargi iska

Wataƙila iska ta shiga tiyo. Kwanta a ƙarƙashin jirgi ki tsiyaye ta. Watan Fabrairu ne, siminti kamar ƙanƙara, iskar teku na shigowa ta ƙasan ƙofa. Jan mai zai bi hannun rigarki ya gangara har hammata. Kwana tara Solvej ta yi a kwance haka, ta canza kowace roba, yatsunta suka daina jin sufana. Ba ta yin tsaki sai in babu kowa.

Preben, tsohon makanikin jirgin ruwa, zai turo miki hita da ƙafa. Karɓi hitar. Hita ba shawara ba ce.

5. Zargi wani

Rubuta wa kamfanin da ya sayar miki da famfon wasiƙa mai shafi uku. Wannan ba ya ɗaga taya, amma yana ɗumama jiki.

6. Yar da safar hannunki

Ana gobe dubawa, safar Solvej ta faɗa gefen kujerar matuƙi. Da ta sunkuya, sai ga wani ɗan jan bawul na gaggawa, wanda in an buɗe shi mai ke komawa tanki, ƙafafu su sauko da nauyinsu. A buɗe yake. Ita ta buɗe shi da hannunta lokacin gwajin Janairu. Ta murɗa shi, ta danna maɓalli, cikin daƙiƙa bakwai ƙafafu suka shige ciki lumui.

Zauna ki harare shi na minti biyar. An yarda.

7. Kada ki yi wa littafin jirgi ƙarya

Tsofaffi kam faɗa musu abin da kika ga dama. Amma littafin nan rai ne a cikinsa, naki da na duk wanda zai zauna gefenki. Solvej ta rubuta gaskiya da ƙananan baƙaƙe. Sai dai Bodil Kjær, mai duba jiragen, ba ta iya karatu a zuci ba. A gaban kowa ta karanto, ta sa aka naɗe ƙafafu aka sauke sau goma, ta sa hannu.

"Ai tun ranar farko muka gan shi a buɗe," in ji Thorkild. "Kwalinki ne ya hana mu magana. Kek mai tuffa muke so, 'yar nan, a sa kirfa da yawa."

8. Toya, amma ki zo da kundin dokoki

Asabar ta zagayo, Solvej ta kawo kek, ta yanka, ta jira sai da bakin kowa ya cika. Sannan ta buɗe dokokin ƙungiya ta karanta sashen da ya ce duk wanda ya ga matsala a jikin jirgi ya yi shiru, ya yi babban laifi. Ta tambayi Bodil, wadda ta gayyato musamman, ko wannan wauta ce.

Bodil ta haɗiye lomarta. "Wauta ce. Ku nawa kuka gani?"

Preben ya ɗaga hannu a hankali. Saura suka bi.

Asabar goma sha ɗaya ke nan a jere, kowane tsoho da ranar toya kek ɗinsa. Solvej ta manna jadawalin a ƙofa, sunan Thorkild a sama, ta ƙara da cewa ba a karɓar na kanti, ba a karɓar wanda matar gida ta toya.

Sanarwa: mai wannan rubutu ba ta da hannu a daskarewar yatsu, ɓacin riga, ko wasiƙar ban haƙuri da har yanzu ba a aika wa kamfanin famfo ba. Wanda kuma ya ci kek ɗin Thorkild, tsakaninsa da likitan haƙori.