Memorin Hajiya Ya Kwaso Cuta

"Gajiya da sauƙi, angona. Har yau kana nan kana kiwon akwati?"

Hajiya Barakatu ce a ƙofar shagon jikanta Maharazu a Faskari, inda yake tura wa mutane karatu da waƙoƙi daga kwamfuta. Tun daga Daudawa ta taso da memorin wayarta ƙulle a bakin zane. A cikinsa akwai muryar marigayi mijinta, Malam, yana yi wa iyalinsa addu'a. Jiya ta kunna, shiru. Baki na tsiya, amma tsoronta kada muryar ta salwanta.

"Akwatina dai bai taɓa cin dawar maƙwabta ba, tsohuwa. Miƙo."

Ya soka memorin a kwamfuta, ya tsuke baki. "Ya kwaso cuta."

"Ƙarfe da cuta? Ƙarya hure take, ba ta 'ya'ya."

"Wa kika ba aro?"

"Larai, ƙanwar Malam. Ita ta ba ɗanta Gide, shi kuma ya kai wani shago a Sabuwa."

"Memori ya hi ki yawo! Duk na'urar da ya shiga, in tana da cuta shi ɗauko, shi kai ma ta gaba. In kin sawo akuya a kasuwa, garke kike sakinta?"

"Allah shi kiyaye! Sai ta kwana bakwai a turke ita kaɗai."

"Akuya kin killace, Malam kin sake shi gari-gari."

Maganar ta soke ta.

"To, mai kan ƙwarya, da wane baki zan hana Larai muryar ɗan'uwanta? A gidanmu ba a hana aro."

Maharazu ya juya ga kwamfutarsa. Ya saki manhajar riga-kafi ta wanke memorin tas. Ashe cutar ɓoye muryar ta yi, ba ta cinye ba. Ya kwafe ta a kwamfuta, ya tura a wani sabon memori.

"Wanga na aro ne, in ya dawo shi biyo ta turkena. Naki kuwa kada shi bar wayarki."

Sai ya kunna. Muryar Malam ta cika shagon, har da ɗan tarin nan nasa. Hajiya ta ɗaga hannuwa, hawaye na zuba.

"Kuka kike ma wani a gaban angonki?"

Ta fashe da dariya, ta tura masa ƙullin ƙwan zabi.

"Ka ci, mummuna. Maido addu'ar baya, ban ce amin ba."