Rasuwar Hamsin-da-Biyar, Rangwamen Inshorar Motarmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta tumbatsa, ni Rokiah binti Daud ta unguwar Manjoi a Ipoh, a madadin iyalan Baharuddin bin Salleh, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abin ƙaunarmu, rangwamen inshorar motarmu, wanda aka fi sani da Hamsin-da-Biyar. Ciwon ajali ya kama shi ranar jajiberin ƙaramar Sallah, a ƙofar gidan surukata, a gaban shaidu masu yawa, wasunsu da ludayi a hannu.

Ga waɗanda ba su yi zama da shi ba, marigayin shi ne ragin da kamfanin inshora ke yi wa mai mota duk shekarar da ta wuce bai kai musu kuka ba. An haife shi ɗan ƙarami, kashi ashirin da biyar cikin ɗari. Ya yi ta girma a hankali har ya kai hamsin da biyar, iyakar tsawon da ake yi a danginsu, ya zauna a nan shekara da shekaru. Bawan Allah ne marar hayaniya. Sau ɗaya a shekara muke jin muryarsa, a ofishin wakilinmu Mista Teoh, lokacin da na'urar lissafi za ta ce ƙit, ƙit, ƙit, sai kuɗin su faɗo ƙasa da rabi. Albarkacinsa yara suka yi ɗinkin Sallah, albarkacinsa muka daina tara bokiti a kicin in ana ruwa.

Sunan mijina yake amsawa, domin da sunansa aka sayi motar. Ni a takarda direba ta biyu ce. Direban farko kuwa a babur yake zuwa aiki, wai cunkoso na tayar masa da hawan jini. Saboda haka ni na raini marigayin. Ni ce ta kai yara makaranta, ni ce ta kai Mak, mahaifiyar mijina, asibiti, ni ce mai ratsa ruwan ƙarshen shekara ina rarrafe kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Saboda shi ban taɓa rige-rige da kowa a shataletale ba, an zage ni na yi shiru. Ranar da wani mai babur ya karce mini ƙofa ya gudu, da kuɗin kek ɗin da nake sayarwa na gyara, don kada labari ya kai kamfani.

Ga yadda abin ya faru. Al'adarmu ce in za mu ƙauye Sallah, ni ke tuƙi tun daga Ipoh. In mun kai gidan mai na ƙarshe sai mu sauya kujera, domin dangi su ga mijina, Abang Bahar, ya shigo riƙe da sitiyari, ni kuma da tukunyar naman rendang a cinya. Na amince da haka tun farko, don hanyar miƙaƙƙiya ce, babu abin bugewa sai kaji. Bana kuwa ƙaninsa Shahrul ya zo da sabuwar mota, ko ledar kujerunta ba a cire ba, ya ajiye ta daidai inda muka saba tsayawa. Abang ya sauke gilashi, yana ɗaga wa jama'a hannu, yana ja da baya.

Na ce, "Abang, birki."

Ya ce, "Kiah, ai na gani."

Bai gani ba. Ƙarar ta sa har kajin Mak suka haye katanga.

Ko a lokacin marigayin na da sauran numfashi. Shahrul, Allah ya saka masa, ya shafa ƙofar motarsa da ta lotsa, ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya ce, "Abang, a bar shi tsakaninmu. Bayan Sallah mu kai wa mai gyara na bayan kasuwa, kamfani ba sai ya ji ba." Duk wanda ya taɓa riƙe mota a ƙasar nan ya san maganin ke nan. Na taka wa Abang ƙafa. Shi kuwa ya dubi matar Shahrul, ya dubi maƙwabta, ya gyara zaman hularsa.

"Ni zan kai motar ƙanina gindin bishiya? Ina da cikakkiyar inshora. Kamfani zai biya, har fenti."

Na ce, "Abang, rangwamen fa?"

"Wane rangwame? Kiah, shiga ki taya Mak aiki. Wannan maganar mota ce."

Mak ta ce, "Ɗana ke nan." Aka yi ta yaba masa. Da yamma suka je ofishin 'yan sanda suka ba da rahoto, a can marigayin ya cika. Ban ɓoye ba, na yi kuka a bayan kicin, na ce albasa ce.

Bayan Sallah na je wurin Mista Teoh in ji ko marainiya tana da gado. Ya zuba mini shayi, ya kira ni Kak, wato Yaya, ya ce, "Kak Kiah, da ke kika buga, haka zai mutu. Da ba ki buga ba, ladan na mai mota ne."

Na ce, "To ni shekarun nan me na tara?"

Ya duba takarda da kyau. "Sunanki na nan, ba a goge ba." Ya ba ni kalandar kamfani kyauta.

Marigayin ya bar uba ɗaya, wanda sai bayan rasuwar ya san yana da shi. Ya bar yara uku da za su maimaita ɗinkin bara, da fitilar baya guda da ke lilo a jikin waya, da Mista Teoh, wanda ke jimami yana murmushi. Ya kuma bar ni. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza ranar sabunta inshora, a ofishin Mista Teoh da ke saman kantin shayi. Abang Bahar ne zai sa shi a kabari da hannunsa, domin shi zai biya kuɗin shekara cif, ba ragi. Za a karɓi gaisuwa a gida bayan la'asar. Ana roƙon masu mota su ajiye nesa da ƙofa, don mai gida na iya fitowa.

A wannan rana kuma, a wannan ofishi, zan yi wa 'yar tsohuwar motar da na saya da kuɗin kek inshora da sunana. Rangwamenta sifili ne, ko haihuwarsa ba a yi ba, amma nawa ne. Jiya Abang ya same ni ina goge ta, ya ce, "Kiah, ai za ki sa sunana na biyu ko?"

Na ce, "Na tanadar maka wuri, Abang. Kujerar gefe, tukunya a cinya, har ƙofar gidan Mak."