Kofa Mai Tsawo

Wani mutum ne a unguwarmu, Tasi'u, wanda ba ya amsa sallama sai an ce Injiniya. Sau ɗaya ya raka kawunsa Dubai sarin atamfa, shi ke riƙe jaka, amma in ya fara ba da labari sai ka rantse shi ya ja wa garin wuta. Ni dai ban taɓa ganin ya canza ko ƙwan fitila ba.

Ana nan sai ya ji Hajiya Barira, mai kamfanin tace finafinai, tana neman wanda zai shugabanci na'urorinta, har da ofis mai sanyi. Damuwarta ɗaya ce. Babban rumbun da ake adana bidiyo yana ƙasan bene, kwamfutocin masu tacewa suna sama, kuma kafin fim ya hau sai ka ci tuwo ka wanke hannu. Masu sayar da waya sun raba mata hankali. Wannan ya ce ta sa faiba, siririyar wayar gilashi da haske ke gudu a cikinta. Wancan ya ce ta sa ta jan ƙarfe, wadda 'yan kasuwa ke kira kofa.

Tasi'u ya dako shadda, ya rataya tabarau, ya zauna gabanta ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Hajiya ta ce, "Injiniya, tambaya ɗaya ce. Faiba ko kofa?"

Faiba dai bai taɓa jin ta ba. Amma kofa? Wa bai san kofa ba, 'yan hidimar ƙasa masu kaki? Ashe ɗan aike ake nema mai kai fim sama. Ya gyara zama.

"Kofa, Hajiya. Ko a Dubai shi ake yayi."

"An ce ba ya jure nisa."

"Raggwaye kika haɗu da su. Na san wanda aka kai har Sumaila, bai ce uffan ba."

"An ce yana ɗaukar zafi in aiki ya yi yawa."

"A sa masa fanka, shi ke nan."

"Gudu fa?"

"Kafin ki ƙifta ido, fiu, ya kai ya dawo."

Hajiya ta jinjina kai. "Zai daɗe kuwa?"

"Shekara guda cif, sai a kawo sabo."

Nan ta ɗan yamutsa fuska, amma ta ce a ranta mai ilimi ya fi ta sani. Ta ce, "To gobe ka zo da shi. Ka samo mai tsawo, wanda zai kai daga ƙasa har sama. In ya yi aiki, ofis naka ne."

Ranar Tasi'u bai zauna ba. Makaranta-makaranta ya bi yana leƙen 'yan hidima, yana auna su da ido kamar mai sayen rake, har Allah ya haɗa shi da wani Terna, ɗan Binuwai, zanƙalele, wanda sai ya sunkuya yake shiga aji. Ya yi masa alkawarin aiki a inuwa. Ya kuma bi majalisa yana sanar da mu cewa daga gobe sai da izini za a gan shi.

Washegari ya shiga kamfanin yana taku ɗai-ɗai, Terna na biye cikin kaki da jibgegen takalmi. Ma'aikata sun taru. An riga an huda silin, 'yar ƙaramar huda da ko babban yatsa ba zai shiga ba.

Hajiya ta duba hannunsa. "Ina kofan?"

Tasi'u ya dafa kafaɗar Terna, sai da ya yi ɗage. "Ga shi. Duk Kano babu wanda ya kai shi tsawo."

Wani a baya ya ƙware da shayi. Hajiya ta dubi Terna daga takalmi har hula, ta dubi Tasi'u, sannan ta nuna hudar da ke sama, murya a sanyaye.

"Bismillah, Injiniya. Zura shi."

Terna ya ja da baya. Tasi'u ya ɗaga kai ya ƙare wa hudar kallo, gumi na bin wuyan shadda. Har a lokacin, wallahi, bai yarda ya faɗi ba. Ya cire tabarau, ya yi gyaran murya.

"Gaskiya, Hajiya, wannan aikin sai Faibar. Ita a wace makaranta take hidimarta?"